Osiletar of-amf ta ƙi bugawa: yadda za ka gano inda matsalar take

Da'irar nan kayanta ba su taka kara sun karya ba: ai-si guda irin 741 ko LM358, wanda ake kira of-amf, resistoci uku ko huɗu, kafasita ɗaya, sai batir. Aikinta kuma ɗaya ne, ta riƙa ɗaga wutar mafitarta sama tana dawo da ita ƙasa babu tsayawa, abin da a fuskar osiloskof yake fitowa da siffar murabba'i. Amma dai ƙarancin kayan bai hana ta ba ɗalibai da masu koyon gyaran rediyo ciwon kai ba. Mutum ya haɗa komai kamar yadda ya gani a zane, ya jona batir, shiru. Daga nan sai a shiga canje-canje: a cire wannan ai-sin a sa wani, a sauya kafasita, a sayo sabon batir. Wannan hanya tana cin kuɗi, kuma ko an dace da'irar ta tashi, mai ita bai san abin da ya gyara ba. Wurare uku kawai ake aunawa a da'irar nan, kuma idan ka san abin da ya kamata kowanne ya nuna, su da kansu za su kai ka inda ɓarnar take.

Abin da ke faruwa a ciki

Of-amf yana da mashiga biyu, mai alamar + da mai alamar −, da mafita ɗaya. A wannan da'ira doka guda yake bi: idan wutar mashigar + ta fi ta mashigar −, mafita ta haye sama iya ƙarfinta, idan ta − ce ta fi, mafita ta faɗi ƙasa. Riƙe wannan, domin duk binciken da za mu yi a kanta ya dogara.

Daga mafita wayoyi biyu suke komawa baya. Ta farko tana bi ta resista zuwa mashigar −, inda kafasita take zaune tsakanin wannan ƙafa da giraun, wato layin da ake ɗauka a matsayin sifili wajen awo. Kafasitar kamar tulu ce da ake cikawa ta siririn bututu, resistar ce bututun. Ta biyu tana bi ta wata resista zuwa mashigar +, inda sauran resistoci suke raba wutar su kafa iyaka. Mafita tana sama, iyakar tana sama, kafasita tana cika a hankali. Da zarar ta zarce iyakar, sai mafita ta faɗi, ta ja iyakar ƙasa tare da ita. Kafasita ta fara zubar da cajinta har ta gangara ƙasa da sabuwar iyakar, mafita ta sake hayewa. Duk osiletar da ta tsaya cak, ɗayan biyu ne: ko kafasita ta kasa isa iyakar da aka kafa mata, ko iyakar ba ta motsawa.

Ga da'irar da zan riƙa ba da misali da ita, domin ita ce ta fi dacewa da mai batir ɗaya. LM358 ne a kan batir mai bolt 9. Ƙafa ta 8 zuwa fozitib, ƙafa ta 4 zuwa negatib, wanda shi ne giraun a nan. Resistoci uku masu 100k, wato om dubu ɗari kowacce, duk sun haɗu a ƙafa ta 3, mashigar +: ɗaya ta tafi fozitib, ɗaya giraun, ɗaya ƙafa ta 1, wadda ita ce mafita. Wata 100k daga ƙafa ta 1 zuwa ƙafa ta 2, mashigar −, ita ce resistar caji. Kafasita daga ƙafa ta 2 zuwa giraun.

Mataki na farko: rage mata gudu

Kafin ka yanke hukuncin cewa da'irar ta mutu, ka tabbata kana da abin da za ka gan ta da shi. Mita a kan DC matsakaicin wuta take nunawa. Idan osiletar tana bugu ɗari biyar a daƙiƙa, mitar ba za ta iya bin ta ba, sai ta tsaya a wajen bolt 4.3 a mafita. Ka auna ƙafa ta 2, kusan haka. Ƙafa ta 3 ma haka. Abin takaicin shi ne, da'irar da resistar da ke tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3 ta fice mata ita ma kusan wannan adadi za ta nuna a duka wuraren uku, wajen bolt 4.5. Wato mai lafiya da matacciya kamanninsu ɗaya a idon mita. Mai amfani da batir biyu kuma zai ga kusan sifili a mafita, ya ce babu wuta, alhali da'irar tana ta aikinta. LED ma ba ta fitar da kai: a wannan gudu ido zai gan ta a kunne ne kawai.

Saboda haka cire ƙaramar kafasitar, ka sa mai 10µF, ƙafarta mai alamar − a giraun. Ka ɗaura LED da resista mai 1k daga ƙafa ta 1 zuwa giraun. Yanzu zagaye ɗaya zai ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, LED za ta riƙa kunnawa tana mutuwa a gabanka, lambobin mita kuma su riƙa hawa da sauka yadda za ka iya karanta su. Kunnawar farko takan ɗan fi tsawo, domin kafasitar daga sifili ta taso. Idan LED ta fara ƙiftawa, to haɗinka daidai yake, matsalarka tana wajen ƙaramar kafasitar ko wajen gudun ai-sin, sai ka tsallaka zuwa mataki na shida. Idan ta tsaya a kunne ko a mace, ci gaba da karatu.

Mai son jin siginar da kunne zai iya sa iyafis ko ƙaramar sifika a mafita ta bayan resista mai 1k da kafasita mai 10µF. Daga bugu ɗari biyu zuwa dubu biyar za ka ji ƙara mai kaifi sarai.

Mataki na biyu: wuta a ƙafar ai-si

Ba a bakin batir za ka auna ba, a kan ƙafafun ai-sin kansu, kuma da'irar tana jone. Baƙar wayar mita a ƙafa ta 4, ja a ƙafa ta 8. Batir mai bolt 9 da ya gaji yakan nuna 8 da wani abu idan babu kaya a kansa, ana jona shi ya zube. Allon gwaji ma yana da nasa tarko: a wasu dogayen alluna layin wuta na gefe a yanke yake a tsakiya, rabin hagu bai haɗu da rabin dama ba. Ka duba jan layin da shuɗin da aka zana, idan sun katse a tsakiya, to ramukan ma sun katse, sai ka yi musu gada da guntuwar waya. Ai-sin kuma dole ya hau kan kwarin tsakiyar allon, ƙafa huɗu a kowane gefe.

Ka ɗora yatsa a bayansa. Of-amf a wannan aiki ba ya ɗumi ko kaɗan. Idan ya yi zafi, cire batir nan take, mai yiwuwa an juya shi ne. Ana ƙirga ƙafafu daga ɗigon da ke kusa da ƙafa ta 1: ka sa tsagar ai-sin tana kallon sama, ƙafa ta 1 tana hagu a sama, ka gangara zuwa ta 4, ka tsallaka dama daga ƙasa ka hau daga ta 5 zuwa ta 8. Wanda aka taɓa ba wa wuta a juye, ko ya yi kamar yana aiki, kar ka yarda da shi.

Sai babban kuskuren da kamannin jiki yake jawowa. 741 da LM358 duk ƙafa takwas ne, girmansu ɗaya, amma tsarin ƙafafunsu daban. A 741, mafita ƙafa ta 6 ce, fozitib ƙafa ta 7, ta 8 kuwa ba a haɗa ta da komai ba. A LM358 of-amf biyu ne a gida ɗaya: mafitar na farko ƙafa ta 1, fozitib ƙafa ta 8, ƙafa ta 5 da 6 da 7 kuma na biyun ne. Mashigai ne kaɗai suka dace, ta 2 da ta 3, sai negatib a ta 4. Wanda ya bi zanen 741 ya dasa LM358 ya kai wuta ga mafitar of-amf na biyu, ya bar ƙafar wuta a sake. TL071 da TL081 tsarin 741 suke bi. TL072 da 4558 da NE5532 da LM393 tsarin LM358 suke bi.

Mataki na uku: batir ɗaya ne ko biyu

A nan gizo yake saƙar, kuma a ganina mafi yawan osiletocin da suka ƙi tashi a hannun masu koyo a nan suka maƙale. Kamfanin Fairchild ya fito da 741 a 1968, ƙirar David Fullagar, a zamanin da kayan awo suke aiki da wuta biyu, bolt 15 sama da giraun da bolt 15 ƙasa da shi. Zanen da ke cikin yawancin littattafan koyarwa daga wancan tsari ya samo asali: resistoci biyu kawai a mashigar +, ɗaya zuwa mafita, ɗaya zuwa giraun, kuma sau da yawa ba a ma zana wayoyin wutar. A wannan zane giraun tsakiyar wuta ne. Mafita tana iya sauka ƙasa da shi, iyaka ma haka.

Yanzu ɗauki wannan zane ka jona shi da batir ɗaya, ka mai da negatib ya zama giraun. Mafitar 741 ba ta iya sauka har ƙasa, takan tsaya wajen bolt 2 sama da negatib. Resistoci biyu masu daraja ɗaya suka raba wannan biyu, iyakar ƙasa ta zama bolt 1. Kafasita tana zubar da caji zuwa ga mafita, wato ba za ta taɓa sauka ƙasa da bolt 2 ba. Yaushe za ta wuce bolt 1? Har abada. Da'irar za ta yi bugu ɗaya lokacin da aka jona batir, LED ta haska sau ɗaya, shi ke nan. Da LM358 ma labarin bai canza sosai ba: mafita ta sauka kusa da sifili, iyaka ta zama rabin wannan, kafasita ta bi mafita ta kwanta, ba ta gangara ƙasa da iyakar ba.

Alamar wannan cuta a mita: mafita a ƙasa, ƙafa ta 2 daidai da mafita, ƙafa ta 3 ƙasa da su duka. Magani iri biyu ne. Ko ka ƙara resista ta uku daga mashigar + zuwa fozitib, mai daraja ɗaya da sauran, kamar yadda yake a misalinmu. Ko ka kawo batir na biyu, ka haɗa negatib na farko da fozitib na biyu, mahaɗar ta zama giraun, ragowar fozitib zuwa ƙafar wuta, ragowar negatib zuwa ƙafa ta 4. Idan ka zaɓi batir biyu, ka tuna wutar kan kafasita za ta riƙa juyawa daga fozitib zuwa negatib, kafasita mai alamar + da − kuwa ba ta son haka. Ka sa marar alama, ko ka haɗa masu 22µF guda biyu negatib da negatib, su ba ka wajen 11µF da ke jure juyi.

741 a kan batir ɗaya mai bolt 9 da resistoci uku yakan yi aiki, amma a bakin gaɓa yake, domin an tsara shi ne ya samu aƙalla bolt 10 tsakanin ƙafafun wutarsa. Batir na ɗan raunana sai ya tsaya. Ni dai ba na ba mai batir ɗaya shawarar 741, tunda LM358 ba ya wuyar samu a wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, kuma mashigarsa tana aiki har zuwa giraun.

Mataki na huɗu: karanta ƙafafu uku

Da babbar kafasita a jone, baƙar waya a giraun, ga abin da mai lafiya take nunawa a misalinmu. Ƙafa ta 1 tana tsalle tsakanin wajen bolt 7.5 da ƙasa da bolt 1. LM358 ba ya kai mafitarsa har fozitib, yakan rage wajen bolt ɗaya da rabi. Ƙafa ta 3 tana tsalle tsakanin wajen 5.5 da 3. Lissafin mai sauƙi ne tunda resistocin daidai suke: tara wutar da ke ƙarshen kowacce ka raba uku, 9 da 0 da 7.5 sun ba da 16.5, kashi uku 5.5. Ƙafa ta 2 ba ta tsalle, hawa take a hankali daga 3 zuwa 5.5 ta sake gangarowa.

Idan da'irar a tsaye take, rubuta adadin ukun a takarda ka gwada su da waɗannan.

Mafita tana sama, ƙafa ta 3 tana 5.5, ƙafa ta 2 tana sifili ko gezau: kafasitar ta haɗe a ciki, ko ƙafafunta biyu suna layi ɗaya a allon gwaji, ko dalma ta yi gada tsakanin ƙafa ta 2 da giraun. Idan kuwa tana rarrafe sama kaɗan-kaɗan, ɗigo bayan ɗigo, to resistar caji ce ba ta haɗu ba, ɗan abin da ke fita daga mashigar ai-sin ne yake cika ta.

Mafita tana sama, ƙafa ta 2 ta hau ta tsaya a 4 ko 5, ta ƙi ƙarasawa: caji yana yoyo. Kafasitar da aka juya ƙafafunta tana yin haka, tsohuwar da aka ciro daga mataccen rediyo ma haka. Matsalar ta fi tsanani idan resistar caji babba ce, 1M ko sama, domin abin da ke shiga bai fi abin da ke zurarewa ba. A allon da aka liƙa da dalma, dattin man liƙi da ƙura idan suka sha laimar damina su ma hanya ce ta yoyo. Goge bayan allon da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Sannan ita kanta mitar tana iya zama ɓarauniyar. Ƙananan mitoci irin DT830 jurewarsu ta ciki 1M ce kawai. Ka ɗora irin wannan a kan kafasitar da ake cikawa ta resista mai 1M, ka raba wutar biyu ke nan, 7.5 ta koma 3.75, ba za ta kai 5.5 ba. Osiletar da take bugawa sai ta tsaya daidai lokacin da ka taɓa ta, ta ci gaba idan ka ɗauke hannu.

Mafita tana ƙasa, ƙafa ta 3 ita ma tana kusa da sifili, ƙafa ta 2 tana wajen 3: ka musanya mashigai, kafasita ta koma ƙafa ta 3, resistoci uku sun koma ta 2. Da'irar ta kulle kanta, mafita tana riƙe da mashigar + a ƙasa.

Duka ukun suna wajen 4.5, LED tana kunne ba ƙiftawa: resistar da ke tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3 ba ta haɗu ba. Iyaka ba ta motsi, of-amf ya samu wurin zama a tsakiya.

Ƙafa ta 3 tana nuna abin da ba 5.5 ba, ba 3 ba: ɗaya daga cikin resistocin uku ba darajarta ke nan ba. Cire su ka auna ɗaya-ɗaya, ba a cikin da'ira ba, kuma kar ka riƙe ƙafafun biyu da yatsu, jikinka zai shiga lissafin.

Mataki na biyar: sai yanzu a tuhumi ai-si

Idan wuta tana ƙafafunsa, mashigar + ta fi ta − a fili amma mafita tana ƙasa, ko akasin haka, ya karya dokarsa. Tabbatar da gwaji guda: cire kafasita, ɗauki waya mai resista 1k a jikinta, ka taɓa ƙafa ta 2 da giraun. Mafita ta haye, LED ta kama, ƙafa ta 3 ta nuna 5.5. Mai da wayar zuwa fozitib. Mafita ta faɗi, ƙafa ta 3 ta koma 3. Idan ya yi haka, lafiyarsa ƙalau. Idan bai yi ba, kafin ka jefar da LM358 ka gwada rabinsa na biyu: ƙafa ta 5 a madadin ta 3, ta 6 a madadin ta 2, ta 7 a madadin ta 1.

Akwai kuma ai-sin da lafiyarsa lau amma bai dace da aikin ba. NE5532 yana da suna a amfilifaya, mutane sukan ɗauka tunda ya fi tsada zai fi kyau a ko'ina. A cikinsa akwai dayod biyu tsakanin mashigansa, ba sa barin bambancin wutarsu ya wuce wajen bolt 0.6. Osiletar nan kuwa rayuwarta a kan wannan bambanci take, a misalinmu yakan kai bolt biyu da rabi daidai bayan kowane juyi. Dayod ɗin sai su buɗe, caji ya bi ta ɓarauniyar hanya, gudun ya kauce wa lissafi gaba ɗaya. TL072 kuma ba ya son mashigarsa ta kusanci negatib da ƙasa da bolt 3 zuwa 4, don haka a kan batir ɗaya mai bolt 9 iyakar ƙasa tana gab da inda yake rikicewa. Ba shi batir biyu, ko bolt 12 zuwa sama.

Mataki na shida: tana bugawa, amma ba yadda ake so ba

Gudun ya saɓa wa lissafi. Fara da tambayar wane lissafi ka yi. A tsarin batir biyu da resistoci biyu masu daraja ɗaya, tsawon zagaye shi ne 2.2 sau R sau C, inda R ita ce resistar caji, C kuma kafasita. A tsarin batir ɗaya da resistoci uku, wajen 1.4 sau R sau C ne, domin tazarar iyakokin ta fi ƙanƙanta. Da 10k da 100nF, na farko zai ba ka kusan 455Hz, wato bugu 455 a daƙiƙa, na biyu wajen 710Hz. Kayan iri ɗaya, ba abin da ya lalace.

Idan bambancin ninki goma ne cif, karatun lamba ne. Kafasita mai 104 ita ce 100nF, 103 kuma 10nF, 102 ita ce 1nF. A resista, ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo 10k ne, idan zobe na uku rawaya ne 100k, idan ja ne 1k. Ja da ruwan lemo a ƙarƙashin fitilar waya da dare ba su da bambanci sosai, gara ka auna. Idan bambancin kashi ashirin ne cikin ɗari ko makamancin haka, halin kafasitar ne: masu alamar + da − sukan kauce da kashi 20, ƙananan na yumɓu masu arha kuma sun fi haka, ga shi darajarsu tana sauyawa da zafi. Osiletar da ka saita da sanyin safiya za ta iya canza murya da azahar a watan Afrilu. Inda ake son gudu ya tsaya, a sa kafasitar leda, irin korayen nan masu sheƙi, a kuma raba resistar caji biyu, tsayayya da mai juyawa, a saita da mitar da ke auna Hz. Kar ka sa mai juyawa ita kaɗai, idan ta kai sifili ka haɗa mafita da kafasita kai tsaye. Resistar caji tsakanin 10k da 470k ta fi kwanciyar hankali. Ƙasa da 2k tana nauyaya mafita.

Siffar ba murabba'i ba ce, gefenta a kwance. Wannan sai da osiloskof, ko da ƙarami ne irin DSO138 da ake haɗawa da hannu. Mafitar of-amf tana da iyakar saurin da take iya hawa. Ta 741 rabin bolt ce a kowace mikrodaƙiƙa, LM358 bai fi shi ba. A kan batir biyu masu bolt 9, mafitar tana tafiyar wajen bolt 15 a kowane juyi, wato mikrodaƙiƙa 30. A 1kHz rabin zagaye mikrodaƙiƙa 500 ne, ba za ka lura ba. A 10kHz rabin zagaye 50 ne, 30 sun tafi a hanya, siffar ta koma kamar tudu mai gangare biyu. Ka ƙara gudu, ta zama dala, tsayinta ya ragu, gudun kuma ya gaza abin da lissafi ya ce. Babu resista ko kafasitar da za ta gyara wannan. TL072 yana yin wajen bolt 13 a mikrodaƙiƙa, tafiyar nan a wajensa ɗaya da 'yan kai ce. Af, wannan ma hanya ce ta gane jabu: akwai ai-sin da ake goge lambarsu a buga TL072, idan naka ya ba da gefe mai kwanciya a 10kHz kamar na LM358, ka san abin da aka sayar maka. Wanda ya fi dacewa da aikin gaba ɗaya shi ne LM393, wanda don kwatanta wuta biyu aka yi shi, kuma yana zama a gurbin LM358 ƙafa da ƙafa. Sharaɗinsa ɗaya: mafitarsa ja ƙasa kawai take iyawa, dole ka sa resista wajen 4.7k daga ƙafa ta 1 zuwa fozitib. Ba tare da ita ba zai yi shiru kamar matacce.

Lokacin sama ya fi na ƙasa tsawo. A misalinmu haka zai kasance, wajen kashi 57 sama, 43 ƙasa, saboda mafitar tana tsayawa a 7.5 alhali iyakokin an kafa su ne a kan bolt 9. Canza resistar da ke tafiya fozitib daga 100k zuwa 150k, iyakokin su sauko wajen 2.3 da 5, rabon ya dawo kusan daidai, gudun ya ɗan ragu. Mai son ya riƙe kowane ɓangare da kansa sai ya sa resistocin caji biyu gefe da gefe, kowacce da dayod 1N4148, ɗaya tana kallon kafasita, ɗaya tana kallon mafita. Masu haɗa inbata su kula da wannan musamman: rabon da bai daidaita ba yana sa tiransifoma zafi da gurnani, shi ya sa aka fi amfani da CD4047 ko SG3524 a can, waɗanda suke fitar da hannu biyu masu daidaito.

Tana aiki, ana ɗora mata kaya ta tsaya. Mafitar of-amf 'yan miliamf kawai take iya bayarwa, ashirin zuwa arba'in. Sifika mai om 8 kai tsaye a kanta daidai yake da haɗe ta da giraun, kuma da yake iyaka da caji duk daga mafitar suke sha, tana durƙushewa komai ya bi ta. Rile ko mota ma haka. Sa tiransista irin BC547 ko C945 a tsakani, da resista 4.7k a ƙafarta da ake kira bes. Ko ka yi amfani da rabin LM358 da ke zaune a banza: ƙafa ta 1 zuwa ta 5, ta 6 haɗe da ta 7, ka ɗauki siginar daga ta 7. Ƙarfin bai ƙaru ba, amma kayan ba za su ƙara taɓa lissafin osiletar ba.

Gudun yana rawa, ko ana ganin ƙananan tsalle a gefen siginar. Sa kafasita mai 104 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, jikin ai-sin sosai, da wata mai 100µF a inda wuta take shigowa. Gajarta wayoyin ƙafa ta 2 da ta 3. Rabin ai-sin da ba ka amfani da shi kar ka bar shi a sake: haɗa ƙafa ta 6 da ta 7, ka kai ta 5 giraun. Idan da cajar waya ko adafta kake ba da wuta, koma batir ka gani; idan rawar ta ɓace, daga can take. Duk wannan bincike a kan batir ake yin sa. Da'irar da ke shan wuta daga soket ta kafasita ba tare da tiransifoma ba, kowace ƙafarta tana iya ɗauke da wutar gida, ba a sa mata yatsa ko wayar osiloskof.

Idan ta yi daidai a allon gwaji, ka mai da ita allon dalma ta ƙi, kar ka koma kan lissafi. A allo mai dogayen layukan tagulla, duba ko ka yanke layukan da ke ƙarƙashin ai-sin, domin idan ba ka yanke ba ƙafa ta 1 tana haɗe da ta 8, ta 2 da ta 7, har ƙasa. Sa mita a kan ƙara, batir a cire, ka bi ƙafafun maƙwabta biyu-biyu, musamman ta 2 da ta 3, da ta 3 da ta 4. Ka kuma liƙa soket mai ƙafa takwas maimakon ai-sin kansa, yadda za ka iya cire shi ka auna ramukan babu shi: rami na 8 bolt 9, na 4 sifili, na 3 kuma zai hau a hankali ya tsaya wajen 4.5 bayan kafasita ta cika, idan babu LED a ƙafa ta 1.